Shafi na Huɗu da Na Hana Dele

Akwai maganar da kuka taso kuna ji a gidan nan, ke Rabi da kai Nura da ƙannenku, wai wani Bayarabe ne ya ɓata wa babanku aiki a shekarar tarakta. Ni ban taɓa faɗa muku haka da bakina ba. Amma na ji kuna faɗa, na ji maƙwabta suna faɗa, ban kuma taɓa cewa ku bari ba, saboda haka ƙaryar tawa ce. Yanzu ido ya gaji, gidan kuma ya yi mini faɗi tun rasuwar mahaifiyarku. Na ga gara in zauna in rubuta abin yadda ya faru, don in na ce da baki zan faɗa, na san halina, zan tsaya a tsakiya in kama ba ku wani labari daban. In kun karanta kun ji haushina, kuna da gaskiya.

Kun san da fenti na fara. Shekara ashirin da wani abu ina rubuta allon shaguna a Funtua, ina zana ɗawisu da zaki a bayan manyan motocin da ke kwasar masara da auduga, har sunan Isiya Mai Fenti ya manne mini ya ƙi fita. Da injin buga manyan alluna ya shigo gari, sana'ata ta mutu a tsaye cikin damina biyu. Na koyi kwamfuta da furfura a gemuna, ana yi mini dariya don ina riƙe maus kamar burushi, na koma yin katin biki da kalandar makarantun Islamiyya. A nan Dele, Bayaraben da kuke magana, ya same ni. Mahaifiyarsa, Maman Dele, ita ke da shagon cajin waya da robobi a bakin tasha. Iyayensa daga kudu suka zo tun kafin a haife shi, ubansa ya rasu a nan, a nan aka binne shi. Shi kuwa a Funtua aka yanke masa cibi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yan cikin gari, in ya yi fushi ma da Hausa yake yi. Kirista ne, ya yi karatun kwamfuta a Zariya, ya dawo yana da shekara talatin ko kusa da haka, ya ƙi tafiya Legas duk da 'yan ajinsu sun kwashe sun tafi. Ya zo in yi masa kati, sai ya tsaya a bayana yana kallon yadda nake jera rubutu.

"Malam, ka taɓa zana fuskar waya?"

"Yo waya tana da fuska ne?"

"Tana da ita mana. Ni na iya haɗa cikinta, amma in na yi fuskar da kaina, ko uwata ba ta iya amfani da ita. Ta gwada ta ce in kawar mata da abin daga gabanta."

Haka muka fara. Bari in yi muku bayani don ku gane abin da zai zo a gaba. Manhajar waya aikin hannu biyu ce, ko da yake mai amfani da ita abu ɗaya yake gani. Akwai mai zana shafukan: ina hoto zai zauna, ina za a taɓa, wane launi, wace kalma, wane shafi ne zai biyo bayan wane. Wannan ni ne. Akwai kuma mai rubuta abin da zai faru a ciki in an taɓa, inda saƙo zai tafi da yadda za a ajiye shi. Wannan Dele ne. Aikina mutane suke gani, nasa kuwa ba sa tunawa da shi sai ranar da abu ya lalace.

Muka kama ɗan shago a hanyar tasha, tebur ɗaya, benci ɗaya, da wata fanka mai ƙara. Yadda muke aiki shi ne in yanka kwalin sabulu daidai girman waya, in zana shafi a kai da biro, in tura masa ta kan teburin. Ya duba ya ce wannan hoton masarar ya yi kyau amma ya yi nauyi, wayar ƙauye sai ta yi minti guda kafin ta buɗe shi. In ce masa bai san kyau ba. Ya ce kyau ba ya tafiya a sabis ɗin waya na ƙauyen Ƙarfi. Mu yi ta ja har in rage hoton, shi kuma ya nemo dabarar da zai bar mini rabin abin da nake so. Daga nan mu kwashi kwalayen mu hau babur ɗinsa zuwa kasuwar Dayi, mu sami manomi a gindin bishiya, mu ce ya ɗauka wannan waya ce, ya nemo mana farashin waken suya. In ya dangwala yatsa a kwali, sai Dele ya zare wancan ya sa na gaba, shi ne injin ke nan. Ni kuma in tsaya gefe an hana ni magana, don Dele ya ce bakina yana gyara abin da hannuna ya ɓata. Wani tsoho ya taɓa danna kwalin da ƙarfi har ya lanƙwashe, ya ɗago ya ce mu yafe masa, ya fasa mana waya. Mun yi dariyar wannan har gida. Shekara uku muka yi a haka, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin aiki kamar shekarun nan ba, har da zamanin ɗawisu.

Sai shekarar da nake son ba ku labari. Ɓarayin shanu sun matsa wa ƙauyuka, mutane da yawa suka sayar da shanun huɗarsu da kansu kafin a zo a kore musu. Wata ƙungiyar manoma mai mambobi tun daga Malumfashi har Gozaki ta samu tarakta biyu, kuma kowace damina sai an yi rigima a kan layi: wa ya fara rubuta suna, wa aka tsallake, wa ya ba direba goro. Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji mai son sabon abu, ya ce mu yi masa manhajar da manomi zai nemi tarakta daga wayarsa, layi ya jeru da kansa ba hannun kowa. Ku da ba ku yi noma ba, ku sani in ruwa ya sauka kwanakin gyaran gona ƙidayayyu ne. Wanda tarakta ta makara masa da mako biyu ko uku, masararsa ba ta ƙara kamo ta mutane a wannan shekarar.

Ranar da aka tara shugabannin ƙungiya, na kai zanena, na buga shi manya-manya a takarda mai ƙyalli. Alhaji ya ɗaga shi sama ya ce ga wanda zai ƙera mana abin, ɗanmu, wanda ya san manomi. Bai ambaci Dele ba, ni ma ban tuna masa ba. Aka yi ta sa mini albarka, kaina ya kumbura, sai na ji bakina yana cewa:

"Taɓawa uku kawai. Ka buɗe, ka taɓa tarakta, ka taɓa ranar da kake so. Kore ya fito, ka koma gida ka jira. Duk wanda ya taɓa sau huɗu, ya zo ya karɓi hulata."

Aka kwashe da dariya, maganar ta zaga ƙauyuka, har a ƙofar masallaci ana ce mini Malam Taɓa Uku. Ban shawarci Dele ba kafin in faɗa. A kan babur muna dawowa, da muka kusa shiga gari, Dele ya ɗan juyo.

"Malam, yau ka yi alkawari da hannuna."

Daga nan na daina zuwa shago. Na ce gwiwa ce, kuma gwiwar tana ciwo, amma ba ita ba ce. Na sayi ƙaramar kwamfuta, na zauna a zauren gidan nan ina zana shafuka tsaf, da launi da komai, in tura masa ta waya in rubuta "an gama". Kwali kuwa na ga ya yi mini ƙanƙanta. Mutumin da ake sa wa albarka a taro ya koma yana yanka kwalin sabulu? Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, kwali kowa yana iya cewa a soke nan a ƙara can, amma abu mai ƙyalli sai dai a yaba ko a yi shiru. Dele ya kira ni sau biyu ko uku, ina ce masa ina nan zuwa. Rannan bayan la'asar sai ga shi ya yi sallama a zaure da kwali a hannu, shi da ko da'ira bai iya zanawa ba.

"Malam, akwai shafi guda da ya rage."

"Babu abin da ya rage. Uku ne."

Ya ajiye kwalin a kan tabarma. Ya rubuta a sama da karkataccen rubutunsa, "Gonar wa?", a ƙasa kuma ya ja layuka na sunaye.

"Ka duba takardar mambobin da ƙungiya ta ba ni," in ji shi. "Da yawansu babu lambar waya a gaban sunansu. An ce musu su ari ta maƙwabci. Ni kuma a shagon caji na tashi. Wayar da ake kawo wa Mama daga ƙauye ba ta mutum ɗaya ba ce. Ɗa ne ke da ita, uba ya kira da ita, kawu ya kira, maƙwabci ya kira. In mutum biyar suka nemi tarakta da waya ɗaya, ni a ciki lamba ɗaya nake gani sau biyar."

"To ka rubuta biyar ɗin mana."

"Da sunan wa? Kuma ka san in sabis ya yi rauni, mutum ɗaya yana danna abu sau goma. In na karɓi kowace dannawa, tarakta za ta je gona ɗaya sau goma. Dole in ɗauki ta farko in watsar da saura. Sai fa in an tambayi mutum gonar wa ce."

Na gane abin da yake faɗa tun kafin ya rufe baki. Ina so ku san wannan, kada ku yi mini uzurin jahilci. Amma a raina abin da nake gani kawai shi ne rumfar taro da mutane suna miƙo hannu a ba su hula.

"Dele, ni za ka koya wa manomi? Kakana manomi, ubana manomi. Kai ka taɓa riƙe fartanya?"

"Ban taɓa ba, Malam. Amma na riƙe wayoyinsu." Ya turo mini kwalin. "Mu kai kwalin Dayi kamar yadda muka saba. In mutum biyar sun ce shafin ya dame su, na janye."

"Babu lokaci. Ba ka ga hadari ya fara haɗuwa ba?"

"To in ba za a ƙara shafi ba, bar ni in sa rubutu. In an danna na biyu, ya fito ya ce wannan lambar ta riga ta nema."

"Manomi ya ga jan rubutu ya ajiye waya ya ce ya ɓata wani abu? A'a. Kore zai gani ko sau nawa ya taɓa, hankalinsa ya kwanta."

Ya tashi ya bar kwalin a tabarma. Mahaifiyarku tana jin mu daga tsakar gida. Da ta zo ɗaukar kofin ruwan da ta kawo masa, wanda bai sha ba, ta ɗauki kwalin ta jujjuya shi.

"Malam, Dele fa gaskiya yake faɗa. Wayata ma mata nawa ke kira da ita a layin nan?"

"Ke ma kin zama injiniya ke nan?"

"A'a. Ni dai na san masu aron waya."

Washegari na hau mota na je wurin Alhaji. Na ce masa yaron nan yana so ya cika abin da tambayoyi irin na 'yan boko, in aka biye masa babu tsohon da zai iya amfani da shi. Alhaji ya kira shi a waya a gabana ya ce ya yi yadda Malam ya zana, Malam ya fi shi sanin mutanenmu. Ina jin muryar Dele a wayar yana cewa, "Alhaji, bari in yi bayani," sai wani baƙo ya shigo, Alhaji ya kashe wayar ya tashi gaisuwa. Dele kuwa ya gina abin yadda na zana, bai rage ba bai ƙara ba.

Ruwa ya sauka. Makon farko abin ya tafi sumul, ana kirana daga ƙauyuka ana yi mini godiya. A mako na uku aka fara zuwa ofishin ƙungiya ana tambaya. Wanda ba na mantawa shi ne Malam Ado na Gozaki, wani dattijo siriri da ya sayar da bijimansa biyu da rani. Ba shi da waya, ɗan maƙwabcinsa ne ya taɓa masa, bayan ya riga ya taɓa wa ubansa. Aka duba layi daga sama har ƙasa, babu sunansa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Kusan duk wanda aka tsallake irinsa ne, tsofaffi da matan da mazansu suka rasu da waɗanda ba su da halin sayen babbar waya, wato mutanen da nake bugun ƙirji ina cewa don su na sauƙaƙa abin.

Aka kira taro a rumfar ƙungiya a Malumfashi da hantsi. Rumfa ta cika har waje. Aka ba ni kujera kusa da Alhaji, Dele kuma yana tsaye a gaba da kwamfutarsa a hammata. Malam Ado ya fara magana, kuma bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

"Ni dai an taɓa mini, an nuna mini kore da idona. Kwana goma sha takwas ina fita bakin gona da sassafe. Ina jin kukan tarakta tana wucewa, in ce layi ne, zai zo kaina. Yanzu na shuka abin da hannu ya iya. A faɗa mini mi na yi ba daidai ba, don baɗi in gyara."

Alhaji ya ce Dele ya yi bayani.

"In lamba ɗaya ta nema fiye da sau ɗaya," in ji Dele, "manhajar ta farko kawai take ɗauka."

"Wa ya sa ta yin haka?"

"Ni na rubuta, amma dai..."

Ba a bar shi ya ƙarasa ba. Wani ya ce zanen Malam ba shi da laifi, kowa ya iya shi, har tsohuwarsa ta iya, cikin ne aka yi wa ha'inci. Wani daga baya ya ce dama wa ya ce a ba baƙo amanar gonakin mutane, me ya sani a kan damina. Dele ya juya wajen da maganar ta fito.

"Baƙo? Ni? A Funtua aka haife ni. Kabarin ubana yana Funtua." Sai ya juyo gare ni. "Ga Malam Isiya nan. Malam, faɗa musu abin da na kawo maka zaure."

Kowa ya juyo yana kallona. Na ga fuskar Malam Ado, na ga ta Alhaji, na ga mutanen da suka sa mini albarka wata biyu da suka wuce. Na gyara zaman hulata na ce:

"Ni dai zane na sani. Abin da ke cikin inji ba fannina ba ne."

Dele ya dube ni na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Bai ƙaryata ni ba. Da ya ƙaryata ni ma wa zai yarda da shi a rumfar nan? Ya je gaban Malam Ado ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Babu abin da ka yi ba daidai ba." Ya fita ya hau babur ɗinsa. Ni kuma Alhaji ya ba ni mota ta kawo ni har ƙofar gida.

Da safe na ga saƙonsa a waya. Babu gaisuwa, babu zargi. Ya rubuta: "Malam, a turo zanen shafi na huɗu. Masu dawa da wake ba su makara ba tukuna." Ban yi awa guda ba na gama zana shi, don babu wani abu a ciki, tambaya ɗaya ce da jerin sunaye. Ya haɗa shi cikin kwana biyu, abin ya yi aiki, har yau da shi ake amfani. Babu wanda ya zo karɓar hulata. Maimakon haka sai aka ce Malam ya gyara ɓarnar da yaron ya yi, aka ƙara sa mini wata albarkar, na kuma karɓa.

Magana kuwa in ta fita ba ta tsayawa yadda aka sake ta. Kafin kaka ta zama wai Dele ya sayar da layin tarakta ga masu hali. Mutanen ƙauyukan suka daina kai waya shagon mahaifiyarsa. Masu shaguna biyu da suka yi niyyar ba shi aiki suka fasa. Ni ban koma shagonmu ba, shi ma bai neme ni ba. Bayan an gama girbi ya zo gidan nan da rana, na hango shi ta taga na shige ɗaki. Mahaifiyarku ta biyo ni.

"Dele yana zaure."

"Ki ce ba na nan."

"Ba zan faɗa ba. Ka fito ka faɗa masa da kanka."

Ban fito ba. Ya jira kusan rabin awa, ina jin suna magana ƙasa-ƙasa, sannan ya ba ta makullin shago ya ce ta gaishe ni, zai koma Ibadan wurin dangin ubansa, garin da bai taɓa yin wata guda a cikinsa ba. Shekara na zagayowa mahaifiyarsa ta sayar da shago ta bi shi. Da mahaifiyarku ta kawo mini makullin, ta ajiye shi a gabana ta ce, "Malam, hakkin yaron nan yana kanka. Ba zan tona ka ba, ba kuma zan taya ka ɗauka ba." Ta cika duka biyun har ta koma ga Allah. Shi ya sa in kuna maganar Bayaraben nan take tashi ta shiga kicin, ku kuna zaton haushinsa take ji.

Aiki bai yanke mini ba bayan tafiyarsa, sai ma ƙaruwa da ya yi, tunda na yi suna. Na yi aiki da masu haɗa manhaja daga Kaduna da Abuja, yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. In tura zane, su gina, su turo. Babu mai ce mini hoto ya yi nauyi, babu mai hana ni magana. Wata rana da gangan na tura wa wani zanen da na san gurgu ne, na ɓoye wurin komawa baya inda babu mai ganinsa, don kawai in ji ko zai yi mini gardama. Ya amsa da "an gani, Alhaji", ya gina shi haka. Na zauna a zaure ina kallon abin, kewa ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ba ni kuma da wanda zan faɗa wa, don wanda zai gane shi ne wanda na kora.

Bara, bayan arba'in ɗin mahaifiyarku, na je taron shekara na ƙungiyar na nemi a ba ni magana. Na tashi na faɗi komai, kwalin da zuwana wurin Alhaji da abin da na ce a rumfa. Alhaji ya rasu, Malam Ado ya rasu, shugabannin yanzu matasa ne. Da na gama, wani ya tambayi na kusa da shi, wane Dele ke nan? Sakatare ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Baba," ya duba takardarsa ya ce abu na gaba maganar taki ce. Na kai gaskiyar inda ya kamata, amma na tarar babu mai karɓa. Saboda haka nake ɗora muku wannan: duk wanda kuka san kun taɓa faɗa wa waccan maganar, ku koma ku gyara, ko da zai ce ya manta.

Lambar Dele kuwa na samo ta a wurin wani mai sayar da kayan babur a bakin tasha. Ta yi wata biyu a aljihuna kafin in iya kira. Na zaɓi Lahadi da rana, lokacin da na san ya dawo daga coci. Ya gane muryata tun daga sallama. Muka gaisa, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku, ya tambayi mahaifiyarku, na faɗa masa, ya yi mini ta'aziyya. Hausarsa tana nan, sai dai yana ɗan tsayawa yana laluben kalma. Na faɗa masa abin da na kira in faɗa, ban rage komai ba.

"Na yafe tun tuni, Malam," in ji shi. "Aikina yana tafiya, Mama tana lafiya. Kada ka sa abin a ranka."

Na so ya yi mini faɗa, bai yi ba. Sai na ji ƙarar yaro a bayansa.

"Wa nake ji haka?"

"Ƙaramin ne. Shekararsa biyar."

"Ba ni shi in gaishe shi. Ka ce masa kakansa ne na Funtua."

Na ji ya kira yaron da yarensu. Na ji numfashinsa a wayar.

"Sannu, mai gidana," na ce. "Yaya sunanka? Yaushe za ka zo ka ga garin babanka?"

Yaron ya ce wa ubansa wani abu da Turanci, na ji gudunsa yana nisa.

"Ba ya jin Hausa, Malam," in ji Dele. "Duk su ukun ba sa ji. Ban koya musu ba. Na yi ta cewa sai in zan kawo su gida. To, ka ga ban kawo su ba."

Muka yi sallama. Na daɗe a zaure da wayar a hannuna, har aka kira la'asar ban tashi ba.